Sauya Awon Galan zuwa Lita

Sauya awo tsakanin galan da lita lissafi ne da ake yi domin mayar da adadin ruwa, ko mai, ko wani abu mai zuba, daga tsohon tsarin awo na Ingila zuwa tsarin mita, ko kuma akasin haka. Lita ta samo asali ne a Faransa a shekarar 1795, kuma daidai take da cikin mazubi mai santimita 10 a tsawo da faɗi da zurfi. Tsarinta na goma-goma ne, domin mililita 1,000 ke cika lita ɗaya.

Galan iri biyu ne, kuma daga nan yawancin kurakuran lissafi suke tasowa. Dokar awo ta Birtaniya ta 1824 ta ƙayyade galan Ingila a kan wurin da ruwa mai nauyin laba 10 yake cikawa, wanda a yau aka tsayar a kan lita 4.54609. Amurka ba ta bi wannan doka ba, sai ta riƙe tsohon galan na zamanin Sarauniya Anne ta Ingila, mai lita 3.785. Saboda haka galan Ingila ya ɗara na Amurka da kusan kashi 20 cikin 100. Abin mamaki, a ƙaramin awo na oza lamarin ya juya: ozar Amurka mililita 29.6 ce, ta Ingila kuwa 28.4, domin Ingila ta kasa galan ɗinta kashi 160, Amurka kuma kashi 128.

Lissafin kansa ba shi da wuya. Ana ninka adadin galan da 4.546 idan na Ingila ne, ko da 3.785 idan na Amurka ne, sai a sami lita. Mai son komawa galan kuma sai ya raba da waɗannan alƙaluma. Manomin rani a Kadawa ko fadamun Haɗeja da takardar injinsa ta ce yana zuba galan 100 a minti ɗaya, zai sami lita 455 ko kuma 379, gwargwadon galan ɗin da masu ƙera injin suke nufi. Wannan tazara ba ƙarama ba ce ga mai ban ruwan shinkafa.

Nijeriya ta gaji awon Ingila daga mulkin mallaka, ta koma tsarin mita a shekarun 1970, amma tsofaffin mazubai sun ci gaba da aiki a karkara. Garwar kananzir ta da galan 4 take ɗauka, wato kimanin lita 18, duro mai galan 44 kuma lita 200. Gangar ɗanyen mai da ake jin farashinta a rediyo ta Amurka ce, galan 42, wato lita 159.

Robar da ake kira galan a kasuwannin ƙauye, wadda ake zuba man gyaɗa ko fetur a ciki, yawanci lita 4 ce ko 5, ba ta dace da ɗaya daga cikin biyun ba, don haka adadin da aka buga a jikinta shi ne abin dogaro. Kulawa ta fi zama wajibi wajen haɗa maganin feshi, inda ake auna maganin da mililita a zuba cikin tankin goyo mai lita 16 ko 20, domin yawansa yana iya ƙona shuka, ƙarancinsa kuma ya bar ƙwari da ransu. Mudu da tiya da ake awon hatsi da su ba sa cikin kowane ɗaya daga tsarukan biyu, kuma girmansu yakan bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa.