Gwada manhaja a hannun masu amfani da ita: tambayoyi da amsoshi

Matasanmu da ke koyon tsara manhajojin waya a Legas, musamman masu sintiri tsakanin Agege da Yaba, sukan yi tambaya a kan matakin da ake gwada aiki a hannun mutane kafin a fitar da shi. Ga waɗanda suka fi maimaituwa.

Tambaya: Mene ne wannan gwaji, kuma ina bambancinsa da neman ra'ayi?

Amsa: Shi ne a miƙa wa mutumin da aka yi manhajar dominsa samfurinta, a ba shi takamaiman aiki, misali ya tura naira 5,000 zuwa wani asusu, sannan a koma gefe a zuba ido, tare da roƙonsa ya riƙa faɗin abin da ke ransa yayin da yake dannawa. Neman ra'ayi yana kawo abin da baki ya faɗa, gwaji kuwa yana nuna inda yatsa ya tsaya yana laluben hanya. Wannan bambanci ya fi nauyi a wajenmu saboda kara. Dattijo ba zai dubi saurayin da ya kwashe watanni yana aiki ya ce masa abin bai yi ba. Zai ce "Madalla, Allah ya yi albarka", alhali sau uku yana komawa baya bai gano inda ake rubuta lambar asusu ba.

Tambaya: A wane mataki ya kamata a fara?

Amsa: Tun abin yana zane a kan takarda, ko a manhajar zane irin Figma, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambaya: Mutum nawa ake bukata?

Amsa: A shekarar 2000, masani Jakob Nielsen ya bayyana cewa mutum 5 sukan bankaɗo kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani da manhaja, bisa binciken da ya yi da Tom Landauer a 1993. Ya kuma nuna cewa gwaji zagaye uku da mutum biyar-biyar, ana gyara bayan kowane zagaye, ya fi tara mutum 15 a zama ɗaya. Sai dai akwai sharaɗin da ake yawan mantawa: lissafin yana tafiya ne idan masu amfanin iri ɗaya ne. Ɗalibin Jami'ar Legas da ke Akoka da ɗan gwari a kasuwar Mile 12 ba hannu ɗaya suke riƙe waya ba, don haka kowane rukuni sai an nemo nasa mutanen.

Tambaya: Me zai hana a kira mutane ofis a gwada a can?

Amsa: Ana iya yi, amma a ganina rabin gaskiyar kawai za a samu. A ofis akwai inuwa, da intanet mai ƙarfi, da sabuwar waya. A Mile 12 kuwa mai sayar da tumatir yana tsaye ne cikin rana, gilashin wayarsa a tsage, yatsunsa a jiƙe, mai saye yana jiran ya tabbatar kuɗi sun shigo kafin a ɗora kwando a kai. A nan ne ake gane cewa rubutu mai launin toka ba ya karantuwa a hasken rana, kuma idan sabis ya yi nauyi manhajar ba ta nuna tana aiki ba, mutum zai sake dannawa, wataƙila ya biya sau biyu. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tura 'yan kasuwa da yawa ga tura kuɗi ta waya ba shiri, kuma irin waɗannan ƙananan abubuwa ne suka riƙa haddasa gardama tsakanin mai saye da mai sayarwa. Idan an fassara manhajar zuwa Hausa, a wurin ne kuma za a ga ko ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa daidai a tsohuwar waya, da kuma ko kalmar da mai fassara ya zaɓa ita ce mutane suka sani.

Tambaya: Wane kuskure masu gwaji suka fi yi?

Amsa: Kawo agaji. Da zarar mutum ya rikice, sai mai zanen ya kasa daurewa ya nuna masa inda zai danna, shi ke nan an binne matsalar da aka zo nema. Abin da ya dace shi ne tun farko a ce masa, "Alhaji, manhajar muke gwadawa, ba kai ba", sannan a yi shiru ana rubuta inda ya tsaya. Wajibi ne a nemi izininsa kafin ɗaukar murya ko hoto, domin dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta shafi irin wannan, kada kuma a sa shi ya yi amfani da asusunsa na gaske ko lambar sirrinsa. Tunda an raba shi da cinikinsa na kusan rabin awa, ya kamata a sallame shi da ɗan hasafi.