Bakin mahaƙan kuza na Ingila: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa kalmominsu ba sa kama da Turancin makaranta?

Ai da yawansu ba Turanci ba ne. Kornwal, can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila, gidan kuza da tagulla, tana da harshenta na gado. Daga shi aka samo *wheal*, wato wurin aiki, shi ya sa sunayen ramuka da dama ke farawa da ita, kamar Wheal Jane. *Bal* kuwa mahaƙa ce. Matan da ke fasa dutse da guduma a bakin rami a zamanin da su ne *bal maidens*, kuma ba sa shiga ƙarƙashin ƙasa.

Wai kuza har da baƙa da fara?

E. Baƙar ita ce garin da aka wanke, farar kuwa wadda ta sha wuta ta zama ƙarfe. Kafin a sayar, sai an kai curin ƙarfen zuwa garuruwa irin su Truro, a gutsure kusurwarsa a gwada, a biya haraji. An soke wannan a 1838.

Yaya ake biyan mahaƙi a zamanin da?

Nan ne daɗin zancen. Mai *tutwork* ɗan kwangila ne, ana auna abin da ya haƙa da *fathom*, ƙafa 6, kusan gabar da masu haƙar rijiya ke aunawa da ita a wurinmu. Mai *tribute* kuwa kasada yake yi, domin kaso yake karɓa daga kuɗin kuzar da ya fito da ita. Ranar rabon wurare akan yi gwanjo, amma na ragi: wanda ya yarda da kaso mafi ƙanƙanta shi ke samu, kyaftin, wato shugaban mahaƙar, ya cilla tsakuwa sama, tana faɗowa ciniki ya faɗa. Daga kason nan ake cire kuɗin kyandir da albarushi. In jijiyar kuzar ta ƙafe, mutum ya koma gida da bashi. Wannan tsari har filayen kuzar Jos ya iso a zamanin Turawa.

Akwai sauran masu faɗar waɗannan kalmomi?

Kaɗan. South Crofty, mahaƙar kuza ta ƙarshe a Kornwal, an rufe ta a 1998. Amma a garin Wirksworth, can tsakiyar Ingila nesa da Kornwal, kotun mahaƙan dalma, *Barmote*, tana zama har yau, da mudun awonta tun na zamanin Sarki Henry na 8.