Daga "an gano mai" zuwa gangar farko: matakan da dokar man fetur ta shimfiɗa

Duk lokacin da aka ce an gano mai a wani yanki na Arewa, sai ka ji ana lissafin arziki tun kafin a ga ganga ɗaya. Dokar Masana'antar Man Fetur, wadda aka fi sani da PIA, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan 2021, ba haka take kallon lamarin ba. Hawa-hawa ta tsara shi.

Man da ke ƙarƙashin ƙasa mallakar gwamnatin tarayya ne, ko da a gonarka yake. Kamfani izini kawai yake samu, hukumar NUPRC mai kula da harkar haƙo mai kuma ke sa ido a kansa. Izinin farko na bincike ne, na shekara 3, ana iya ƙara wasu 3, kuma bai ba kamfani ikon ɗibar mai ya sayar ba. A nan masana ke aika girgiza cikin ƙasa, su naɗi amon da ke dawowa, su zana yadda duwatsu suka jeru a ƙasa. Suna neman dutsen da ya haifi man daga ragowar halittun da suka daɗe a binne, da dutse mai ƙofofi irin na yashi da man zai taru a ciki, da wani mai tauri a sama da zai hana shi tserewa, da lanƙwasar da za ta tare shi wuri guda. In ɗaya ya ɓace, aikin ya tashi a banza.

Amma zane ba ya tabbatar da mai, sai rijiya. Shi ya sa izini na biyu, na haƙa rijiyoyin gwaji, ya fi nauyi. A tudu da ruwa marar zurfi wa'adinsa ba ya wuce shekara 6, filin kuma ba ya wuce murabba'in kilomita 350. A yankunan da ba a san cikinsu sosai ba, irin kwarin Binuwai da tafkin Chadi da Bida da Sakkwato, doka ta sassauta: har shekara 10, da fili har murabba'in kilomita 1,500, domin kasadar ta fi yawa. Kamfani kuma sai ya ɗaure kansa da aikin da zai yi. Wannan sharaɗi ya yi daidai, don an daɗe ana kuka da masu riƙe fili shekara da shekaru ba su haƙa ko taku ɗaya ba.

Idan rijiya ta taɓo mai, kamfani zai sanar da hukuma ko abin ya cancanci a auna shi. Awon yana nufin ƙarin rijiyoyi don a san faɗin man, da ƙarfin kwararowarsa, da nawa za a iya fitarwa, domin ba a taɓa kwashe duk man da ke cikin dutse. Bayan haka kamfani zai ce ko man ya kai na kasuwa, ko yana da yawa amma lokacin cin ribarsa bai yi ba, ko kuwa ya haƙura da shi. In ya ce na kasuwa ne, yana da shekara 2 ya kawo tsarin raya filin. Sai an amince da tsarin ne ake ba da hayar haƙowa, wadda ba ta wuce shekara 20 a karo ɗaya.

Kolmani, a kan iyakar Bauchi da Gombe, ya nuna dalilin wannan tsanaki. A 1999 kamfanin Shell ya haƙa rijiya a can, ya sami iskar gas da bai ga ta kai ta kasuwa ba. A 2019 NNPC ya sanar da samun mai a rijiya ta biyu, a Nuwamban 2022 kuma aka ƙaddamar da aikin, gwamnati ta ce akwai ganga fiye da biliyan 1. Ƙiyasi ne, kuma ƙiyasi kan hau ko ya sauka da kowace sabuwar rijiya. A ɓangaren Borno an haƙa rijiyoyi 23 a shekarun baya ba a dace da man kasuwa ba.

Akwai kuma batun nisa. Man Agadem a Nijar bai fara fita kasuwar duniya ba sai a 2024, bayan an shimfiɗa bututu na kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin, alhali matatar Zinder na tace shi tun 2011.

A 2021 dokar ta tanadi kashi 30 cikin 100 na ribar da NNPC ke samu daga yarjejeniyoyin rabon mai da gas don bincike a waɗannan sababbin yankuna, tanadin da ya jawo zazzafar muhawara daga jihohin Neja Delta. Dukiyar jama'a ce, don haka mutanen Alkaleri da Akko, ƙananan hukumomin da Kolmani ya shafa, suna da haƙƙin tambayar wane izini kamfani ke riƙe da shi, rijiya nawa aka haƙa, kuma ko hukuma ta amince da tsarin raya filin.