Don Allah ku daina auna boron da gwangwanin madara

Salam 'yan uwana masu aikin gonar inabi, na Ta'if da Tabuka har Kasim a Saudiyya. Wallahi na gaji da ganin abu ɗaya. Ko jiya na shiga wata mazra'a, wato gona, tsofaffin ganye duk bakinsu ya ƙone ya nannaɗe, aka ce min wai zafin rana ne. Na ce me kuke zubawa a tankin ban ruwa? Sai wani dattijo ya ɗauko gwangwanin madara, ya ce boron cikinsa biyu yake zubawa duk sati, don maƙwabcinsa ya zuba inabinsa ya yi kyau. Haba Baba, gwangwanin madara fa!

Eh, inabi na son boron, wani sinadarin taki ne da shuka ke buƙata, in ya rasa shi fure zubewa yake, 'ya'ya su fito wasu manya wasu ƙanana kamar dawa. Amma ɗan mitsitsi yake so, da ka zarce ya koma guba, a ma'aunin FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, daga miligiram 0.5 zuwa 0.75 a lita ɗaya na ruwa inabi ya fara jin jiki. To ruwan naka ka san nawa ne a ciki tun kafin ka ƙara? Wata rijiyar da boron ɗinta take fitowa, ruwan da aka tace daga teku ma tacewar ba ta cire shi duka, haka ruwan magudana da aka gyara. Rijiyar maƙwabcinka daban, taka daban, amma kai ka zuba da ido.

Abin da ya fi ƙona min rai, in ya taru a ƙasa wanke shi na cin ruwa ninki biyu zuwa uku na wanke gishiri, a ƙasar da ruwa ke da tsada haka. Kuma in gonar ta lalace ku kafili, wato ubangidan da ya ɗauke ku aiki, zai tuhuma, shi ya sa nake faɗa.

A kai ruwan gwaji tukuna. Lokacin fure a gwada ganye. In an ga ƙaranci, muhandis, wato malamin gona, ya rubuta giram nawa, a ɗora a sikeli. A duba tiyo, in wasu ramukan sun toshe wata bishiyar za ta sha kason wata. Ko kafili ne ya ce ka zuba, ka ce masa cikin ladabi a fara gwaji, gwangwanin nan kuma a mayar da shi kicin.