Mene ne Chunyun, tafiyar komawa gida ta Sinawa?

Da zarar watan Janairu ya kama, sai kafafen labarai su cika da hotunan tashoshin jirgin ƙasa na ƙasar Sin, jama'a maƙil ba masaka tsinke, ana ta ambaton Chunyun. Kalmar Sinanci ce, ma'anarta zirga-zirgar bikin bazara, wato kwana 40 ɗin da Sinawa ke tururuwa zuwa garuruwansu don yin sabuwar shekara da iyali, sannan su juyo. Ana fara ƙidaya saura kwana 15 biki, a rufe kwana 25 bayansa. Da yake lissafin wata ake bi, ranar bikin na sauyawa, amma ba ta fita daga tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu.

A 2019 hukumomin Sin sun ƙidaya tafiye-tafiye kusan biliyan 3. Daga baya aka haɗa da masu tuƙa motocin kansu, adadin ya kai kimanin biliyan 9 a 2025. Tafiya ake ƙirgawa ba mutum ba, zuwa daban, dawowa daban.

Sai dai adadin bai kai dalilin tafiyar taɓa zuciya ba. Tun da Sin ta buɗe tattalin arzikinta a 1978, mutanen karkara daga larduna irin su Sichuan da Henan da Anhui suke kwarara zuwa masana'antun Guangdong da Shanghai. Yau irin waɗannan 'yan ci-rani sun kusa miliyan 300. Akwai kuma tsarin rajistar gida da ake kira hukou, wanda ya ɗaure hakkin makarantar gwamnati da wasu tallafi da garin da aka yi wa mutum rajista. Shi ya sa iyaye da yawa suka bar yara a ƙauye wurin kakanni. Uwa tana ɗinki a birnin Dongguan na Guangdong, ɗanta yana girma a wani lardi mai nisa, kuma sau da yawa wannan hutun ne kaɗai zai haɗa su a shekara. Wanda ya taɓa ganin tashar mota ana jajiberin Sallah ya san irin wannan ɗokin.

Don haka ake jure wahalar hanya. Idan kujeru sun ƙare, mutum ya sayi tikitin tsayuwa, ya riƙo 'yar kujerarsa ta naɗewa ya raɓa a tsakanin tarago, abincinsa taliyar kofi da ruwan zafin jirgi. Wasu ma'aikatan Guangdong a kan babur suke tafiya har Guangxi cikin sanyi. A 2008 dusar ƙanƙara ta tsayar da jirage, dubban ɗaruruwan mutane suka maƙale a tashar Guangzhou. Yanzu abin ya yi sauƙi, ga jirage masu gudun tsiya a kan layin dogo fiye da kilomita 40,000, ga sayen tikiti ta manhajar 12306, amma har gobe rububi ake yi. Burin kowa ya isa kafin cin abincin daren jajibere, inda ake zama teburi ɗaya, a ci kifi, a ba yara kuɗi cikin jan ambulan.

Ɗan ƙasar Sin da ke zaune a ƙasar waje ya fi shiga tsaka mai wuya. Ranar ba hutu ba ce a Ingila ko Najeriya, makaranta na ci, aiki na ci, kuɗin jirgi ya hau. Wanda bai samu zuwa ba sai ya haɗu da 'yan ƙasarsu a dafa abincin gida, ya kira iyaye ta manhajar WeChat, ya tura jan ambulan ta waya.

'Yan kasuwarmu masu sayo kaya a Guangzhou da Yiwu su ma Chunyun ta shafe su kai tsaye. Ma'aikata kan fara tafiya tun kafin hutun gwamnati, wasu ba sa dawowa sai an yi bikin fitilu na rana ta 15 ga watan farko na sabuwar shekarar, don haka masana'anta kan yi makonni a rufe. Mai son kayansa su iso Kano a kan lokaci, gara ya ba da oda tun watan Nuwamba ko Disamba.