Wace jijiya ce ta toshe?

Kwanakin nan ba ka kunna rediyo a Tawa ba ka ji mai tallar magani yana maganar "toshewar jijiya" ba. Motoci masu lasifika a bakin kasuwa ma ita suke yi. Ƙafar tsoho ta kumbura, toshewar jijiya. Tana yi masa zugi da dare, toshewar jijiya. Tafin ƙafa ya mutu har takalmi ya zame bai sani ba, ita ce dai. Kuma wai kwalba guda ta jika biyu za ta buɗe su duka.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne ba mai tambaya wace jijiya ake nufi. A bakinmu, wadda ke kai jini daga zuciya zuwa ƙafa jijiya ce, wadda ke mayar da shi sama jijiya ce, mai ɗaukar ji da motsi ma jijiya ce. A nan mai talla ke fakewa, alhali ciwukan nan daban suke, kuma abin da ke taimakon ɗaya yana iya cutar da ɗayan.

Ɗauki Hajiya mai sayar da kayan miya, wadda ke zaune kan ƴar kujera tun hantsi har la'asar. Da safe ƙafarta lafiya lau. Kafin magariba idon sawu ya cika, igiyar silifa ta nutse cikin nama, in ka danna ƙwaurinta da babban yatsa sai ramin ya daɗe bai tashi ba. Babu abin da ya toshe a nan. Jinin da ya sauka ƙafa sai ya hau sama kafin ya koma zuciya, kuma abu biyu ke hawar da shi: naman sha-raɓa da ke matsa jijiyar duk lokacin da aka taka, da wasu ƙananan ƙyamare a cikin jijiyar masu buɗewa sama kaɗai. Shekaru, haihuwa da yawa, ƙiba da dogon zama suna sa ƙyamaren su saki. Jini ya taru a ƙasa, ruwansa ya tsattsafo cikin nama. In abin ya daɗe fatar wajen idon sawu ta yi duhu, ta riƙa ƙaiƙayi, wata rana ƙaramin ƙwarzane ya zama gyambo. Abin da Hajiya ke buƙata ba shi da tsada: ta riƙa tashi tana takawa, tana motsa sawunta ko a zaune, in ta kwanta ta ɗora ƙafafu bisa matashi su ɗara ƙirjinta, in likita ya yarda ta sa safa mai matse ƙafa da ake samu a farmasi.

To ga kuma Baba da ya sha taba shekara da shekaru, ko yake fama da ciwon sukari da hawan jini. In ya kama hanyar masallacin Juma'a, bai yi nisa ba sha-raɓarsa ta ɗaure, sai ya tsaya jikin katanga minti biyu ko uku, ciwon ya lafa, ya ci gaba. Ƴaƴa su ce tsufa ne. Taɓa ƙafar ka ji ta da sanyi, gashin ƙwauri ya zube, fatar na sheƙi, kuma galibi ba kumburi. Wannan ne ya cancanci sunan toshewa, domin maiƙo ya taru a bangon jijiyar da ke kawo jini har hanyar ta ƙuntata. In ta yi tsanani ciwon kan tashe shi da dare, sai ya sauko da ƙafar daga gado yake samun sauƙi. Ka ga kuwa shawarar da aka ba Hajiya, a ɗaga ƙafa a matse ta da safa, ita ce za ta ƙara hana ɗan jinin da ke isa yatsun Baba. Likita na bambanta su da awon da ba shi da wuya: a auna tansiyo a idon sawu a raba shi da na hannu, in lissafin ya gaza 0.9 akwai ƙuntatar hanya.

Sannan kumburin ƙafa biyu sau da yawa ba ma daga ƙafar yake ba. Zuciyar da ta gaji tana kawo shi, musamman in mutum na haki ko ba ya iya kwanciya sai ya jingina. Ƙoda da hanta ma haka. Har magani yana jawo shi: amlodipine da ake yawan rubuta wa masu hawan jini an san shi da kumbura idon sawu, diclofenac da ibuprofen da tsofaffinmu ke saye wajen masu tire don ciwon gwiwa suna riƙe gishiri da ruwa a jiki, suna kuma wahalar da ƙoda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, mu kuwa a tukunya guda ga gishiri, ga dunƙule, ga kanwa. Masu shan Lasilix, maganin sa fitsari, da kansu don "zubar da ruwa" ba tare da an binciki tushen ruwan ba suna wasa da ƙodarsu ne.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne kumburin ƙafa ɗaya da ya zo farat ɗaya, da zafi da ciwo a sha-raɓa, bayan jinyar kwance ko bayan wunin da aka yi naɗe cikin mota daga Yamai zuwa Tawa ta Dosso da Ƙonni, tafiyar sama da kilomita 500. Wannan yana iya zama gudan jini a jijiyar ciki, kuma in ya ɓalle huhu yake nufa. Irin wannan ƙafa ba a yi mata tausa, ba a kai ta wajen wanzami ya yi tsaga ko ƙaho, ba a jira a ga abin da kwalbar rediyo za ta yi. A ranar ake kai mutum asibiti a yi masa hoton jijiya, in kuma numfashi ya fara yi masa wuya ko ƙirji na suka, ko tsakar dare ne a tafi.