Ladubban mu'amalar yau da kullum a Maraɗi

Ladubban mu'amala su ne ƙa'idodin da mutanen Maraɗi, a kudancin Jamhuriyar Nijar, ke bi wajen gaisuwa, shiga gida, cin abinci, ciniki da zama cikin jama'a. Ba a rubuce suke ba, kuma ba kasafai ake zaunar da yaro a lissafa masa su ba. Yana ɗaukar su ne daga kallon manya, daga harara, wani lokaci daga tsawa. Wanda ya kiyaye su akan ce yana da tarbiyya, wanda ya keta su kuwa akan ce ba shi da kunya, kuma wannan magana ba kansa kaɗai take tsayawa ba, har gidan da ya fito takan shafa. Akasarin ladubban iri ɗaya ne da na sauran ƙasar Hausa, musamman Katsina da Gobir.

Asali

Tushen da ya fi fitowa fili shi ne fada. Bayan jihadin Shehu Usman ɗan Fodiyo da aka fara a 1804, birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi wajen 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa. Sarki Ɗan Kasawa ne ya kafa mulkinsu a Maraɗi; wasu majiyoyi suna sa wannan jim kaɗan bayan faɗuwar Katsina, wasu kuma wajen 1819. Masu hijirar sun taho da tsarin sarautarsu cif, da Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi, kuma har yau mai mulkin garin Sarkin Katsina ake kiransa. Kusa da nan, Gobirawa sun kafa Tsibiri wajen 1836. Saboda haka fadoji biyu tsofaffi suka zauna dab da juna a kwarin Gulbin Maraɗi, kowace tana riƙe da al'adun da aka san Hausawa da su tun kafin jihadi.

A fada ne ake ganin cikar ladabin. Talaka yakan tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya yi jinjina, ya ce "ranka ya daɗe". Sarki ba lallai ya amsa da bakinsa ba, fadawa ne ke amsawa a madadinsa. Kowane mai sarauta ya san inda zai zauna, ba ya kuma wuce wurin. Irin wannan tsari ya gangara cikin gari: yadda bafade ke yi gaban sarki, haka yaro ke yi gaban ubansa, almajiri gaban malaminsa, bara gaban ubangidansa. Da cinikin gyaɗa da fataucin kan iyaka suka fito da manyan 'yan kasuwar da ake kira alhazan Maraɗi a ƙarni na 20, su ma zaurukansu sun ɗauki wannan fasali, yaran alhaji suna zuwa gaisuwar safe su zauna ƙasa a kan tabarma.

Musulunci shi ne tushe na biyu, kuma ya cuɗu da na farko har da wuya a raba su. Sallama, fifita hannun dama, neman izini kafin shiga gida, duk suna da hujja a addini. Zamanin Faransawa ya ƙara wasu halaye na ofis da makarantar boko, amma bai taɓa na cikin gida sosai ba. Ambaliyar 1945, wadda ta cinye tsohon garin ta sa aka koma kan tudu, ta sauya fasalin unguwanni, sai dai gida mai zaure ya ci gaba.

Kunya

Kunya ce ginshiƙin al'amarin, kuma ita ce ta fi wuyar ganewa ga baƙo, domin abin da take nema shi ne a ɓoye abin da ke rai. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, sau da yawa ma kaka ko gwaggo ce ke riƙonsa. Mace ba ta faɗin sunan mijinta. Takan ce maigida, ko malam, ko alhaji. Idan aka sa wa jariri sunan kakansa, sai a laƙaba masa wani kamar Baba ko Abba, don kada surukar gidan ta riƙa ambaton sunan uban mijinta. Suruki ba ya cin abinci a gaban surukansa, yakan ma kauce hanya in ya hango su.

Mai kallo daga waje na iya ɗaukar wannan a matsayin rashin ƙauna. Kuskure ne babba. Uwar da ta kau da kai daga ɗanta na fari tana nuna cewa ɗan na dangi ne gaba ɗaya, kuma kowa ya san ƙaunar na nan. Kusa da kunya akwai kara, wato mutum ya bar haƙƙinsa saboda girman wani, da kawaici, wato ya ga abu ya yi kamar bai gani ba. Da waɗannan ake zama a gida mai kishiyoyi da 'ya'ya da yawa ba tare da kullum ana gaban alƙali ba.

Akwai kuma inda aka halatta kishiyar kunya. Jika da kaka suna tsokanar juna, haka taubasai, haka Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Zabarmawa. Wanda aka tsokana ba shi da damar yin fushi. Hukumar UNESCO ta sa wannan wasan barkwanci na Nijar cikin jerin al'adun duniya a 2014.

Gaisuwa da shiga gida

Ƙarami ne ke fara gaida babba, mai tafiya ya gaida na zaune. Gaisuwa takan yi tsawo: ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina ɗari ko ina zafi gwargwadon lokaci. Amsar kullum ta alheri ce, "lahiya lau", ko da akwai marar lafiya a ɗaka. Sai an gama ne ake faɗin damuwa. Shiga buƙata kai tsaye ba tare da gaisuwa ba raini ne. Namiji baligi da ba muharrami ba yakan tsaya a ƙofa ya yi sallama, ko ya aiki yaro, a same shi a zaure. Ana kawo wa baƙo ruwa ko hura kafin a tambaye shi abin da ke tafe da shi, in zai tafi kuma a taka masa.

Abinci

Da hannun dama ake ci, kowa daga gabansa. Yaro ba ya riga babba kai hannu ga nama. Mai cin abinci yakan ce wa wanda ya iske shi "bismillah", shi kuma ya amsa "alhamdulillahi" in ba zai ci ba.

Kasuwa

Da gaisuwa ake buɗe ciniki. In tayi bai kai ba, mai kaya yakan ce "albarka", in ya kai ya sallama, kuma bayan sallamawa janyewa abin kunya ne ga kowane ɓangare. Ba a tayi a kan tayin wani. Mai sayen hatsi ko kayan miya yana sa ran gyara, dillali kuma yana da la'adarsa. Da dala da jika ake lissafi, dala tana daidai da sefa 5, jika sefa 1,000. Manyan 'yan kasuwa sun daɗe suna ba da kaya bashi a kan amana kawai, wanda ya ci amanar kuwa labarinsa yakan riga shi isa Jibiya da Katsina.

Sauye-sauye da saɓani

Tun daga shekarun 1980, da ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta sami mabiya a Maraɗi, ake jayayya kan durƙusawa a gaisuwa da kuma yawan kashe kuɗi a bikin aure da suna. Wasu na ganin abin ya saɓa wa sunna, wasu na ganin girmama manya ne da zumunci. Gidaje sun bambanta a kan haka.

Matasa kuma suna da majalisun shayi da ake kira fada, waɗanda suka yawaita tun wajen shekarun 1990. Nan ma akwai tsari: sabon zuwa yakan bi kowa da musafaha, ƙarami ne yawanci ke dafa shayin, babba ake fara miƙa wa kofi. A wayar salula ana taƙaita gaisuwa saboda kuɗin kira, amma ba da dattijo ba.